Atys, Médée, Hippolyte ko Platée: da wane wasan opera na tsohuwar Faransa za ka fara?

Wani ƙanen abokina, malamin Faransanci a makarantar sakandare, ya turo mini saƙo kwanakin baya. Ya ce: "Yaya, na ci karo da wani guntun kiɗan Rameau, tsohon mawallafin kiɗan nan na Faransa, a intanet, ya tsaya mini a rai. Da na bincika sai na ga wasannin zamanin nan ba su ƙirguwa, kowanne kuma awa uku ne. Lokacina ƙalilan, datata ma haka. Da wanne zan fara?" Na ba shi amsa a layi biyu, daga baya na ga ban kyauta ba, domin amsar ta danganta da mai tambayar. Wanda ke jin Faransanci kamar ruwa, irin 'yan'uwanmu na Maraɗi da Damagaram da Garwa, hanyarsa daban da ta mutumin Katsina da zai dogara da fassarar Ingilishi a ƙasan allo. Wanda zai saurara a kunne yana tuƙi, daban da wanda zai zauna ya kalla.

Wasannin opera huɗu zan gwada, wato wasan kwaikwayon da ake rerawa da kiɗa. Duk daga tatsuniyoyin Girkawa da Rumawa aka ɗauko su, duk kuma ana samun su a faifai da bidiyo a yau.

Gidan da suka fito

A 1672 wani Ba'italiye haifaffen Florence, Jean-Baptiste Lully (ana faɗa Luli), ya karɓi takarda daga hannun Sarki Luwi na 14 wadda ta mallaka masa harkar opera a Faris. Mutum ne da ba ya son abokin takara. Shekara na zagayowa ya sa aka taƙaita wa sauran gidajen wasa mawaƙa biyu da masu goge shida. Shi da marubucinsa Philippe Quinault suka gina salon da ake kira tragédie en musique: share fage, sannan kashi biyar, kowane kashi da filin rawa da 'yan amshi, ga igiyoyi da na'urori masu sauko da gumaka daga rufin dandamali. A zamanin Luwi share fagen nan kirari ne zalla. Duk wanda ya taɓa tsayawa ƙofar fada ya ji makaɗan sarki zai gane abin da ake yi ko bai ji kalma ɗaya ba. Su kuma gumakan, Jupiter da Cybèle da Diane, mutanen fadar ba bauta musu suke yi ba. Kiristoci ne, sun ɗauke su kamar yadda muka ɗauki Gizo da Ƙoƙi da Dodo, sai dai su nasu an yafa musu alkyabba.

Abin da ya raba operar Faransa da ta Italiya shi ne matsayin magana. A ta Italiya zance yakan wuce da sauri, kowa yana jiran doguwar waƙar da mawaƙi zai nuna gwanintar maƙogwaro. A ta Faransa zancen ne sarki. Ana rera shi ne bisa nauyin kalmomin baiti, kiɗa na rakiyarsa kamar zagin sarki. An ce Lully yakan je gidan wasan kwaikwayo ya saurari yadda shahararriyar 'yar wasa Champmeslé ke furta baitocin marubucin wasan kwaikwayo Racine, ya dawo ya ɗora waƙa a kai.

Ma'aunan

Daga nan ma'auni na farko ya fito, kuma shi ne babba: nawa ne daga daɗin wasan zai kuɓuce maka in ba ka jin Faransanci?

Na biyu kuɗi. Farashin faifai yana bin yawan faifan da ke cikin akwatin, sai kuɗin aikowa daga Turai, wanda wani lokaci yakan kamo kuɗin kayan. Mai rajistar Spotify ko makamancinsa bai da wannan damuwa, duk huɗun kuɗi ɗaya ne a wurinsa. Bidiyo kuwa data yake ci, awa uku da hoto mai kyau gigabait biyu zuwa uku ne. Baitocin wasannin da takardun kiɗansu sun daɗe da zama na kowa, Gallica, rumbun intanet na babban ɗakin karatun Faransa, yana da tsofaffin bugunsu kyauta. To amma kuɗin gaskiya a nan lokaci ne.

Sai ƙarko. Ba ƙarkon faifai nake nufi ba, ko da yake faifan da ke hannunka ya fi bidiyon da za a iya saukewa daga intanet gobe. Ina nufin ko wasan zai jure a saurare shi sau goma. Sai sauƙin shiga: minti nawa za ka yi kafin ya kama ka? Na ƙarshe haɗari, wato abin da zai iya sa ka kashe a tsakiya ka rantse ba ka ƙarawa, ko abin da zai ba ka kunya in da iyali kake kallo.

Atys, na Lully (1676)

An fara nuna shi ranar 10 ga Janairu 1676 a fadar Saint-Germain-en-Laye, Luwi ya so shi har aka riƙa ce masa operar sarki. Quinault ya ɗauko labarin daga mawaƙin Rum, Ovid. Atys saurayi ne a ƙasar Phrygie, cikin Turkiyya ta yau, mai cika baki wai soyayya ba ta gabansa, alhali a ɓoye ya mutu a kan Sangaride, 'yar wani sarkin kogi. Ita kuma an riga an ba da ita ga Sarki Célénus, ubangidan Atys kuma amininsa. Ana cikin wannan sai Cybèle, uwar gumaka, ta sauko ta naɗa Atys sarkin tsafinta, ba don cancanta ba, don ita ma shi take so.

Kashi na uku ne ya sa ake tunawa da wasan. Girma ya hana Cybèle faɗin abin da ke ranta da bakinta, sai ta aiki Barci. Sarewa da goge suka shiga a hankali, bi da bi, kamar numfashin wanda ya yi nisa, a ƙarƙashinsu kiɗan ƙasa na takawa ba sauri ba tsayawa. Barci ya fito da 'ya'yansa uku, Morphée da Phobétor da Phantase, suna rera kowa ya kwanta. Mafarkai masu daɗi suka gaya wa Atys wadda ke son sa. Kafin ya gama jin daɗin, miyagun mafarkai suka faɗo da tsalle-tsalle suna gargaɗin abin da ke samun wanda ya raina son uwar gumaka. Bai ji gargaɗin ba. A kashi na biyar Cybèle ta sa aka haukata shi, ya ga Sangaride kamar dodo ya kashe ta. Da hankalinsa ya dawo ya soke kansa, ita kuma ta mai da shi bishiyar pin, mai ganye kamar allura, ta zauna tana kukan abin da ta yi da hannunta.

A ma'aunin harshe Atys ne ya fi kowanne tsada. Rabin kyansa yana cikin baitocin Quinault, masu sauƙin kalmomi da kaifin ma'ana, da yadda masoya biyu ke zagaye-zagaye kowa na tsoron ya fara faɗa. Ni karon farko faifai kawai na saka ba takarda a hannu, barcin gaske ya riga na wasa zuwa, tun a kashi na biyu na tafi. Sai da na nemo baitocin na riƙa bi layi-layi, sannan na gane ba kiɗan ne ya yi sanyi ba, ni ne na shiga hira ban san me ake faɗa ba.

Samunsa ba wuya. A 1987, shekara 300 da mutuwar Lully (sandar da yake buga ƙasa da ita don daidaita makaɗa ce ta soke masa ƙafa, ƙafar ta ruɓe, ya ƙi a yanke), jagoran makaɗa William Christie da ayarinsa Les Arts Florissants suka farfaɗo da Atys a gidan Opéra-Comique, Jean-Marie Villégier ya tsara dandamali. Wannan nunin ne ya dawo da operar tsohuwar Faransa kasuwa. Sautin ya fito a faifai uku na Harmonia Mundi. Wani attajiri Ba'amurke, Ronald Stanton, da ya ga wasan bai manta ba, ya biya aka sake shi a 2011, aka ɗauki bidiyo, Bernard Richter ne Atys, Stéphanie d'Oustrac ce Cybèle. Ɗaki ne na baƙin dutse, tufafi baƙi da toka-toka da ruwan azurfa, kowa a rufe ruf irin shigar fadar Luwi. Ba abin da za ka ɓoye wa yara sai tsawonsa.

Ƙarkonsa kuwa ba a magana. Irin abincin nan ne da ba ya ɗaukar baki a loma ta farko amma ba ya gundura.

Médée, na Charpentier (1693)

Marc-Antoine Charpentier (Sharpantiye) yana cikin waɗanda Lully ya toshe wa hanya. Ya yi karatu a Rum wajen mawallafin kiɗa Carissimi, ya dawo da kunnen Italiya, ya share shekaru yana rubuta kiɗan coci da na gidajen manya. Da yawa sun san shi ba su sani ba: taken da gidajen talabijin na Turai ke sakawa kafin shirin Eurovision, buɗewar waƙar cocinsa ce mai suna Te Deum. Sai da Lully ya kwanta dama, shi kuma ya kai shekara 50, sannan aka buɗe masa ƙofar gidan opera. An nuna Médée ranar 4 ga Disamba 1693, Thomas Corneille, ƙanen Pierre Corneille, ya rubuta baitocin, Marthe Le Rochois ta fito a Médée. Magoya bayan marigayi Lully suka ce kiɗan ya cika ilmi da ɗaci. Wasan bai daɗe ba aka sauke shi, Charpentier bai sake rubuta wa gidan operar wani wasa ba.

Labarin ba ya bukatar dogon bayani ga Bahaushe. Médée 'yar sarki ce, matsafiya, ta ci amanar mahaifinta da ƙasarta don Jason, ta bi shi gudun hijira da 'ya'yansu har Korinti. Can Jason ya ga Créuse, 'yar Sarki Créon, idonsa ya rufe. Abin da ya sa nake fifita wannan wasa shi ne Corneille bai fara da mayya ba. Ya fara da mace mai zargi wadda ke roƙon Allah zarginta ya zama ƙarya. Kana kallo ana yi mata zare ɗaya-ɗaya. Jason ya lallaɓe ta ta ba Créuse rigarta ta gado, wai don a samu shiga wajen sarki. Créon ya ce ta bar gari, amma mijin ya zauna, wai ana bukatarsa a yaƙi. Ta miƙa 'ya'yanta amana a hannun wadda za a yi mata kishiya da ita. Kowa a fadar ya san abin da ake ciki, kowa na yi mata murmushi.

Kashi na uku nata ne kusan ita kaɗai. Ta tsaya tana tambayar wannan ne ladan soyayyarta, goge na jan wasu sautuka masu karo da juna waɗanda ba sa warwarewa da wuri, sai ka ji kamar an ɗaure maka ƙirji. A cikin 'yan mintoci kuka ya ƙafe. Kiɗan ya gangara ƙasa, ya yi duhu, ta kira baƙaƙen 'ya'yan kogin matattu, Kishi da Ramuwa suka fito da jiki, aka dafa dafi a tukunya aka shafa wa rigar. Mutane kan ce kishi kumallon mata ne, amma a nan ba raha ake yi ba. Daga nan gangara ce: Créon ya haukace ya kashe Oronte, yariman Argos da aka yaudara da alkawarin Créuse, ya kashe kansa, rigar ta cinye Créuse, Médée ta bayyana bisa dodo mai fukafukai ta shaida wa Jason ba shi da sauran 'ya'ya.

A harshe yana tsakiya. Magana na da yawa, amma makaɗan na faɗin abin da ke zuciyar mutane, ko ka rasa kalma ba ka rasa zancen. Taƙaitaccen labari a hannu ya isa. Christie ya ɗauki sautinsa sau biyu, a 1984 da Jill Feldman, sai na kamfanin Erato a tsakiyar shekarun 1990 da Lorraine Hunt. Na biyun nake ba kowa. Hunt Ba'amurkiya ce da ta fara da kaɗa goge kafin ta koma waƙa, ta rasu a 2006, kuma ban san wata da ta sa na ji tausayin Médée da tsoronta a numfashi ɗaya kamarta ba. Faifai uku ne, awa uku da ɗoriya. Akwai bidiyon Hervé Niquet da aka ɗauka a fadar Versailles a 2004. A 2024 gidan operar Faris ya dawo da wasan bayan fiye da shekara 300, Christie na jagora, Lea Desandre ce Médée, David McVicar ya mai da labarin zamanin yaƙin duniya na biyu da kakin soja.

Haɗarinsa biyu. Share fagen yabon Luwi ne da makiyaya da raye-raye, ba ruwansa da labarin, a tsallake shi karon farko. Na biyu ƙarshen: uwa ce ke kashe 'ya'yanta. Ba a yi a gaban ido, amma ba abin kallon dare da ƙananan yara ba ne.

Hippolyte et Aricie, na Rameau (1733)

Shi ma Jean-Philippe Rameau (Ramo), haifaffen Dijon, yana da shekara 50 ya fito da operarsa ta farko, ranar 1 ga Oktoba 1733. Kafin nan an san shi ne da kaɗa organ a coci da littafinsa na 1722 kan ilmin haɗa sautuka. Faris ta rabu biyu. An ruwaito cewa tsohon mawallafi André Campra ya ce kiɗan da ke cikin wasan nan ya isa a yi opera goma. Masu ra'ayin Lully suka ce hayaniya ce, suka laƙaba wa mutanen Rameau suna mai kama da na masu sharar bututun hayaƙi. A 1734 wani mai suka da bai sa sunansa ba ya rubuta a mujallar Mercure de France cewa kiɗan baroque ne, yana nufin karkatacce. Zagin ne ya zama sunan zamanin gaba ɗaya.

Abbé Pellegrin ya gina baitocin kan Phèdre na Racine. Phèdre, matar Sarki Thésée, ta kamu da son ɗan mijinta Hippolyte, shi kuma Aricie yake so. Thésée ya gangara duniyar matattu neman amininsa Pirithoüs, kashi na biyu kaf can ake yi. Da zai fita, masu kaɗin zaren ajali su uku suka gaya masa ya bar jahannama zai tarar da wata a gidansa. Wannan waƙa ta mutum uku tana zamewa daga sauti zuwa sauti ta hanyar da mawaƙan 1733 suka kasa bi, dole Rameau ya cire ta daga nunin. Yau ana rera ta, kuma har yanzu in ta zo sai ka ji ƙasa na motsi ƙarƙashinka. Ya iso gida ya tarar da matarsa da ɗansa da takobi tsirara tsakaninsu, ya fahimci abin a baibai. Daidai lokacin masu jirgin ruwa suka shigo da rawar murnar dawowarsa, dole ya tsaya ya kalla zuciyarsa na tafasa, suna fita ya roƙi ubansa Neptune, sarkin teku, ya halaka yaron.

Wannan shi ne mafi arha a harshe cikin masu ban tausayi ukun. Akwai tsawa, akwai guguwar teku, akwai ƙahon mafarauta, akwai waƙar tsuntsu da sarewa a ƙarshe. Ko ba ka jin komai kunnenka ba ya zaman banza. Rauninsa labarin. Masoyan da aka sa wa wasan sunansu ba su da gishiri, Phèdre da Thésée ne ke ɗauke da nauyin, kuma da sun fita a farkon kashi na biyar sai abin ya koma biki, Diane ta dawo da Hippolyte da rai.

Tarko ɗaya ga mai saye: Rameau ya sake fasalin wasan a 1742 da 1757, don haka faifai biyu masu suna ɗaya ba lallai su zama abu ɗaya ba. A sauti, na Marc Minkowski da na Christie, duka na shekarun 1990, faifai uku-uku, ba wanda za ka yi da-na-sani. A na Christie Lorraine Hunt ce Phèdre. A bidiyo a lura. Na Emmanuelle Haïm da Ivan Alexandre, wanda aka ɗauka a Palais Garnier, gidan operar Faris, a 2012, ya kwaikwayi dandamalin zamanin da labulen zane da gumaka masu saukowa cikin gajimare. Na gidan operar Glyndebourne a Ingila a 2013 kuwa cikin ƙaton firji aka buɗe shi. Wasu na yabon dabarar, ni ba zan ba baƙo shi a karon farko ba.

Platée, na Rameau (1745)

Wannan ba tragédie ba ne, barkwanci ne, share fage da kashi uku. An nuna shi a Versailles ranar 31 ga Maris 1745 a bikin auren yarima mai jiran gado da gimbiyar Sifaniya. Ka ji labarin da aka kawo wa amarya: don a warkar da Junon daga kishi, mijinta Jupiter, sarkin gumaka, ya yi kamar zai auri Platée, wata mummunar aljanar fadama da ta yarda duk namijin da ya gan ta sai ya mato. Ya zo mata a siffar jaki, ta yi masa kalaman soyayya, ya koma mujiya. Kwaɗin fadamarta ne 'yan amshi, Rameau ya ɗauki kalmar quoi, wato "me", ya sa suna maimaita ta har ta zama kukan kwaɗo sak. Hauka da kanta ta fito da molon da ta sato daga gunkin kiɗa Apollon, ta rera waƙar makoki da kiɗan biki tana kwaikwayon mawaƙan Italiya. A wurin ɗaurin auren ƙarya Junon ta faɗo a fusace, ta yaye lulluɓin amarya, ta ga fuskar, ta fashe da dariya. Gumaka suka koma sama, aka bar Platée ana yi mata ature har ta faɗa fadamarta. An ce amaryar gaske ma ba kyakkyawa ba ce, amma ba a ji fada ta yi fushi ba. A shekarar aka ba Rameau muƙamin mawallafin kiɗan sarki.

Nan gani ya kori ji. A faifai biyu na Minkowski yana da daɗi, amma rabin dariyar a ido take. Bidiyon 2002 na tsarin Laurent Pelly shi ne abin nema: dandamalin kujerun gidan wasa ne da fadama ke cinyewa sannu a hankali, Paul Agnew ne Platée, Mireille Delunsch ce Hauka cikin rigar da aka ɗinka da takardun kiɗa tana yagowa tana miƙa wa makaɗa. Minti goma sun isa ya kama ka, kuma shi ne mafi gajarta.

A san abu biyu. Tun 1745 namiji ne ke fitowa a Platée, mawaƙi Pierre Jélyotte ne na farko, don muryar namiji mai tashi sama aka rubuta wa. Wanda wannan zai dame shi ya sani tun kafin ya kunna. Tsarin Robert Carsen na 2014, da ya kai labarin duniyar masu tallan tufafi, shi ma ba na falo ba ne. Sannan dariyar na da ƙaya: taron manya ne suka haɗu a kan mai rauni ɗaya. Ƙarkonsa a wurina bai kai na sauran ba, barkwanci in ka san inda zai faɗo yakan rage zafi, ko da yake kiɗan rawarsa ba ya tsufa.

| Ma'auni | Atys | Médée | Hippolyte et Aricie | Platée |
|---|---|---|---|---|
| Mawallafi da shekara | Lully, 1676 | Charpentier, 1693 | Rameau, 1733 | Rameau, 1745 |
| Tsawo | kusan awa 3 | awa 3 da ɗoriya | kusan awa 3 | kusan awa 2 da rabi |
| Faifan sauti | 3 | 3 | 3 | 2 |
| Dogaro da Faransanci | sosai | matsakaici | kaɗan | kaɗan, in da hoto |
| Ido ko kunne | ido, ko kunne da takarda | kunne ya isa | kunne ya isa | ido |
| Saurin kamawa | a hankali | daga kashi na 2 | da wuri | nan take |
| Ƙarko | mai yawa | mai yawa | mai yawa a kiɗa | matsakaici |
| Haɗari | gundura | mummunan ƙarshe | siga uku, baƙon tsari | namiji a rigar mace, dariyar mugunta |

Wa ya dace da wanne

In ba ka taɓa zama ka kalli opera ba, kuma kana da datar dare ɗaya, Platée na Pelly. Ko bai yi maka ba, asarar ba ta da yawa.

In kunne kawai za ka ba shi, a mota ko a shago, ba ka kuma jin Faransanci, Hippolyte. Ka fara da kashi na biyu ka dawo baya. Mai koyon kiɗa, ko mai son ya ji yadda ake sarrafa sautuka, shi ma nan ne makarantarsa.

In Faransanci harshenka ne na aiki, kana son waƙar baka da zance mai lauje cikin naɗi, Atys, da baitocin a hannu, kashi ɗaya kowace rana. Malamin da ke neman abin nuna wa ɗalibai ma bidiyon 2011 zai ɗauka, don furucin a fili yake kuma shigar ba abin kunya. Wanda Faransancinsa bai wuce gaisuwa ba ya ajiye shi zuwa na uku.

In akwati ɗaya kuɗinka zai saya, wanda za ka ajiye shekaru, ko kuwa labari ne ke riƙe ka ba ƙawa ba, Médée na Lorraine Hunt.

Shi ƙanen abokin nawa Médée na tura masa, na ce ya tsallake share fage. Kwana huɗu ban ji ɗuriyarsa ba, ran na biyar da asuba sai ga saƙo: "Yaya, ni fa har ƙarshen kashi na huɗu ina bayan matar nan. Yanzu turo mini na kwaɗin in huce."